Wa Ya Taka Hanyar? Tarihin Jagorar Matafiya Daga Ƙasar Gwandu

A watan jiya wani ƙanena da ke koyarwa a Dalijan ya turo mini hotunan bangon littattafai uku ta waya. Ya samu gurbin ƙaro karatu a Turkiyya, bai taɓa ƙetare iyakar Najeriya ba, kuma kuɗin guzurinsa karo-karo dangi suka yi. Saƙon nasa gajere ne: "Yaya, wanne zan saya?" Dukkan littattafan na jagorar matafiya ne, da Turanci aka rubuta su, kowanne da hoton hasumiyar masallaci a bangonsa, kowanne kuma yana cewa shi ne cikakke.

Ban karanta ko ɗaya daga cikinsu ba, saboda haka ban iya nuna masa wani da yatsa ba. Amma tambayar tasa ta girmi littattafan nesa ba kusa ba, kuma ƙasar da yake zaune tana cikin wuraren da aka daɗe ana amsa ta. Daga Dalijan zuwa garin Gwandu ba wata tafiya ce mai nisa ba, kuma a Gwandu ne wani baƙo ya zauna a shekarar 1853 yana neman wanda zai gaya masa gaskiyar hanyar da ke gabansa. Abin da ya faru da shi, da waɗanda suka gabace shi, ya ishe mu ma'aunin da za mu auna kowane littafi da shi.

Madugu da jagaba

Tun kafin a san littafin jagora, Bahaushe yana da mutumin da ke yin aikinsa. A ƙarni na 19 fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja yana cikin manyan harkokin kasuwanci na Afirka ta Yamma. Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato ɗauke da turkuɗi da kanwa da jar fata, wani ya biyo ta Jega, ya ƙetare Kwara ta wajen Illo ko Gaya, ya ratsa Bargu, ya nufi Salaga a arewacin ƙasar da yau ake kira Gana. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa, ayarin kuma kan tara ɗaruruwan mutane da jakuna, wani lokaci ma sama da mutum dubu.

Madugu shi ne uban tafiya. A ƙarƙashinsa akwai jagaba, wanda kan wuce gaba ya duba hanya ya zaɓi zango, da uban dawaki, wanda ke tara kuɗi ya biya sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. A kowane babban zango kuma akwai fatoma, mai masaukin da ke karɓar baƙi, ya yi musu dillanci, ya gaya musu abin da ya canja tun wucewarsu ta bara. Ilmin waɗannan mutane shi ne abin da littafin jagora ke ƙoƙarin tattarawa a yau: kwana nawa ne daga nan zuwa can, wace rijiya ce ke ƙafewa da rani, nawa ake biyan kuɗin fito, wane sarki ne ya mutu, wane ne ya gaje shi, kuma yaya halinsa da fatake.

Abu biyu suka sa ilmin madugu ya zama abin dogaro. Na farko, yana cikin tafiyar da kansa. In ya yi kuskure, kayansa ne za su fara salwanta, sunansa kuma ya zube, baɗi ba wanda zai bi shi. Na biyu, labarinsa sabo ne kullum, domin a kowane zango yana haɗuwa da ayarin da ke dawowa. Fatake sun san cewa labarin hanya tamkar goron da suke ɗauke da shi ne, in ba a kwance shi a kai a kai an duba ba, sai ya lalace a cikin huhu.

Manasiki da masaliki

Ɗaya babbar tafiyar ita ce ta gabas. Maniyyaci kan bi ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, yana tafe yana tsayawa neman guzuri, tafiyar da kan ci shekaru. Wasu ba su kai ba, wasu ba su dawo ba, shi ya sa har yau ake da manyan al'ummomin Hausawa da Fulani a Sudan. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903.

Abin lura shi ne manyan malaman jihadi uku, Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ba wanda ya samu zuwa Makka a cikinsu, duk da sun san hukunce-hukuncen aikin hajji ciki da waje. Malam Abdullahi na Gwandu ya ɗauki hanya a wajen 1807, ransa a ɓace da yadda ya ga son duniya yana shiga jama'a, amma da ya isa Kano mutanenta suka riƙe shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, daga baya ya komo gida.

A nan ake ganin bambanci tsakanin ilmi iri biyu da matafiyi ke buƙata. Akwai manasiki, wato yadda ake ibadar, wanda babin hajji na Risala da aka rubuta tun ƙarni na 10 yana nan yana aiki har gobe. Akwai kuma masaliki, wato hanyoyi, wanda damina ɗaya ko yaƙi ɗaya kan rushe. Larabawa sun ware wa na biyun fanni guda, littattafan da ake kira al-Masalik wal-Mamalik, hanyoyi da masarautu. Kowane littafin jagora na yau haɗin waɗannan biyun ne. Shafukan da ke bayanin tarihi da al'ada da ladubban mutanen gari suna jimawa. Shafukan farashi da biza da lokacin tashin jirgi su ne masu saurin ruɓewa. Mai saye ya san wanne yake nema a cikinsu.

Taswirar Sarkin Musulmi Bello

Daga cikin masu rubuta masaliki akwai al-Bakri, wanda ya kammala littafinsa a Andalus a 1068. Bai taɓa taka ƙasar baƙar fata ba. 'Yan kasuwa ya tambaya, ya kuma karanta abin da magabata suka bari, amma har yau masu tarihi na dogara da bayaninsa a kan tsohuwar daular Gana. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. An buga littafinsa a Banis a 1550, ya ambaci Kano da Katsina da Gobir da Zazzau, ya kuma ce ya shiga jirgin ruwa a kogin Kwara da kansa, amma ya rubuta cewa yamma kogin ya nufa. Turawa sun riƙe wannan kuskure kusan shekara 250, sai da Mungo Park ya tsaya a bakin kogin a Segu a 1796 ya ga ruwa yana gangarawa gabas. Ashe cewa "na je" kaɗai ba ta wanke marubuci. Wanda bai je ba amma ya iya tambaya, ya kuma faɗi wanda ya gaya masa, yana iya fin wanda ya je ya ruɗe.

Neman inda Kwara ta faɗa ne ya kawo Hugh Clapperton Sakkwato a watan Maris na 1824. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi da karamci, ya tattauna da shi a kan addini da siyasar duniya, aka kuma ba shi taswirar ƙasar da wani yanki na bayanin da ke cikin Infaƙul Maisuri, littafin da Bello ya rubuta a 1812. An buga taswirar a Landan a 1826. Ta nuna Kwara ta miƙe gabas kamar za ta haɗu da kogin Masar. Clapperton ya so ya wuce Yawuri ya gani da idonsa, aka ce masa hanya ba lafiya, dole ya juya.

Akwai masu tarihin da ke ganin taswirar ta bi tsohon ra'ayin malaman Larabawa ne kawai. Akwai kuma masu zargin cewa da gangan aka kauce wa nuna wa Bature ƙofar da jiragen ƙasarsa za su shigo ta cikinta. In na biyun ne gaskiya, abin da ya biyo baya ya nuna hangen nesa ne, domin bayan 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, sun bi kogin daga Busa har teku a 1830, ta wannan ƙofa kamfanonin Ingila suka shigo. Ko ma wanne ne, darasin ga matafiyi ɗaya ne. Duk wanda ya zana maka hanya yana da tasa buƙatar, kuma ba lalle ta zo daidai da taka ba.

Abdulkarimu a Gwandu

Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi tafiya da sunan Abdulkarimu a madadin gwamnatin Ingila, ya iso Gwandu a tsakiyar watan Mayu na 1853, bayan ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a kusa da Wurno. Tambutu ya nufa. Sarkin Gwandu na lokacin, Halilu ɗan Abdullahi, mutum ne mai gudun duniya, bai yarda sun haɗu ido da ido ba, ta hannun 'yan tsakani aka yi komai, har Barth ya samu takardar izinin ratsa ƙasar.

Takardar ba ta isa ba, domin ƙasar ta canja. Tun 1849 Kabawa suka yi bore a ƙarƙashin Yakubu Nabame, Zabarmawa da Dandawa suka mara musu, hanyar yamma ta zama abin tsoro. Bayanin da Clapperton ya kai Ingila kusan shekara 30 kafin nan ba zai gaya masa wane gari ne ke hannun wa ba. Sai da ya zauna ya tambayi waɗanda suka fito daga can a kwanakin. A farkon Yuni ya tashi, ya bi ta Birnin Kebbi da Zogirma, ya ƙetare Kwara a Sayi, ya shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba.

A zaman nan na Gwandu wani malami ya ara masa kwafin Tarikhus Sudan, tarihin Songhai da Tambutu da aka rubuta a tsakiyar ƙarni na 17. Barth ya yi 'yan kwanaki yana kwafe abin da ya iya, ta hannunsa kuma malaman Turai suka fara sanin abin da littafin ya ƙunsa. Ya yi kuskure ɗaya, ya jingina shi ga Ahmad Baba, alhali Abdurrahman as-Sa'adi ne ya rubuta. Amma littafin ya yi masa amfanin da ba wani ɗan rakiya da zai yi masa, domin ya shiga Tambutu ya san tarihin mutanen da zai zauna da su. Wato a gari ɗaya ya haɗa ilmin nan biyu: mai jimawa daga littafi, mai saurin lalacewa daga bakin matafiya.

Wanda ya buɗe mujalladai biyar da Barth ya buga a 1857 da 1858 zai tarar da shafuka masu yawa a ƙarshe waɗanda jerin zanguna ne kawai, daga gari kaza zuwa gari kaza kwana kaza. Mafi yawansu bai taka su ba. Daga bakin alhazai da fatake da malamai ya rubuta su, sau da yawa ya ambaci wanda ya ba shi labarin, ya kuma bambanta abin da ya gani da abin da ya ji. Wannan ɗabi'a ce ta sa aikinsa ya rayu, ita ce kuma ya kamata a nema a kowane littafin jagora.

Littafin da aka rubuta domin wani

A daidai wannan zamani ne littafin jagora irin na yau ya kunno kai a Turai. John Murray ya fitar da na farko cikin jerinsa a Landan a 1836, Karl Baedeker kuma ya kafa nasa a Jamus, da jan bango da taurarin da ke nuna wurin da ya cancanci ziyara. Sunan Baedeker ya yi ƙarfi ne saboda yakan je ya duba da kansa, yana kuma sabunta bugu a kai a kai. A 1973 Tony da Maureen Wheeler suka kafa Lonely Planet bayan sun ratsa Asiya da ɗan kuɗi kaɗan, suka rubuta wa matasan Turai masu ƙaramin guzuri.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da mai karatun da ya ƙudura a ransa, kuma wannan mai karatun ba ɗan Dalijan ba ne. Misalin da ya fi fito da wannan fili daga Amurka yake. A 1936 Victor Hugo Green, baƙar fata ma'aikacin gidan waya a Niyok, ya fara buga littafin da aka sani da Green Book, wanda ke lissafa masaukai da gidajen abinci da gidajen mai da za su karɓi baƙar fata a zamanin wariyar launi. An ci gaba da buga shi har tsakiyar shekarun 1960. Sauran littattafan jagora na lokacin ba ƙarya suka yi ba, otal ɗin da suka ambata yana nan, farashinsa ma daidai ne. Abin da ba su faɗa ba shi ne ba za a buɗe wa kowa ƙofa ba.

Mai koren fasfo ya san irin wannan. Littafi zai ce ana ba da biza a filin jirgi, alhali da Ba'ingile ko Ba'amurke yake magana. Zai ba da shafi goma ga mashaya, bai ce komai ba game da inda ake samun naman halal ko masallacin Juma'a. Ba zai ambaci katin rigakafin shawara da ake tambayar wanda ya fito daga ƙasarmu ba, ko yadda katin bankin Najeriya ya sha ƙin aiki a waje.

Namu ma sun rubuta. Dorugu, yaron da ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, ya ba da labarin abin da ya gani da Hausa, J. F. Schön ya buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Madugu Mai Gashin Baki ya je Balin tare da Eduard Flegel a 1884. A 1934 Sarkin Gwandu Usmanu ya ziyarci Ingila tare da Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Abubakar Imam ya je can a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ana tsakiyar yaƙin duniya, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya bi baya da Motsi Ya Fi Zama. Ba wanda zai nemi farashin jirgin ƙasa a cikin waɗannan yau. Darajarsu ita ce idon da ya kalli Turai a cikinsu irin namu ne, abin da ya ba su mamaki shi zai ba mu, abin da ya dame su shi zai dame mu. Abin takaici shi ne wannan layi bai yi tsawo ba. Dubban mutanenmu na zuwa Makka da Dubai da Alƙahira da Indiya da Sin kowace shekara, neman lada ko magani ko karatu ko kaya, amma abin da suka koya yana ƙarewa a hirar zaure da saƙonnin WhatsApp.

Amsar da na ba shi

Na ce wa ƙanena ya bar bango ya buɗe shafin da ke bayansa, ya duba shekarar bugu, ya kuma tuna cewa binciken da ke ciki ya girmi wannan shekarar da watanni. Misali na kusa da shi. Wanda ya tsaya a mararrabar Kalgo da littafin da aka buga a 2022 zai karanta cewa ya bi ta Bunza da Kamba ya shiga Nijar ba wata wahala. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar tsawon watanni, a Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, duk wani lissafin guzuri da aka yi kafin nan ya tashi a banza. Abin da ya faru da Barth ke nan a kan wannan hanya, shekara 170 tsakani.

Na ce ya nemi sunan marubucin da abin da aka faɗa game da shi: ya zauna a ƙasar, yana jin harshenta, yaushe rabonsa da ita? Littafin da ba suna a kansa, ko wanda aka harhaɗa daga intanet, ba shi da madugun da za a kama in an ɓata. Na ce ya duba ko littafin yana faɗin aibin wuri. Wanda komai a cikinsa kyakkyawa ne, tallar wani yake yi, ko ta hukumar yawon buɗe ido ko ta masu otal. Na ce ya karanta babin biza da na abinci ya ga da wa ake magana. Sannan ya zaɓi wanda ya dace da abin da zai kai shi. Ɗalibin da zai yi shekara biyu a gari ɗaya ya fi buƙatar taswirar unguwanni, da yadda ake hawa motar haya, da jimlolin gaisuwa da ciniki, a kan jerin wuraren shaƙatawa na ƙasa baki ɗaya.

Daga nan sai na ƙara masa abin da fatake ba su taɓa sakaci da shi ba. Ka'idar biza daga ofishin jakadanci ake jin ta, ba daga littafi ba. Farashin haya da halin gari kuwa sai ya nemi ɗalibin Najeriya da ke can yanzu, ko wanda ya dawo bana, shi ne fatomansa. Baƙo makaho ne ko da idonsa, in ji Hausawa, matambayi kuma ba ya ɓata.

Ya sayi mafi ƙanƙanta a cikin ukun, wanda aka buga bara, marubuciyarsa ta yi shekaru a Istambul. Na roƙe shi abu ɗaya, ya tafi da littafin rubutu, ya riƙa sa kwanan wata a kan duk abin da ya rubuta, nawa ya biya, wa ya gaya masa, me ya gani da idonsa. In Allah ya dawo da shi lafiya, akwai wani a Dalijan da zai yi masa irin tambayar da ya yi mini.